Shagon tsire kusa da sabon filin besbol na Las Vegas: amsa ga Hajiya ta Bronx

Wata Hajiya mai gidan abinci a Bronx, cikin birnin New York, ta aiko mini da tambaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana sayar da tsire, kilishi, masa da shinkafa da wake. Ƙaninta direban tasi ne a Las Vegas, shi ya ba ta labarin filin wasan besbol da ake ginawa can, har ya samo mata shago mai tafiyar minti ashirin a ƙafa daga wurin. Haya dala 9,000 a wata, yarjejeniyar shekara biyar. Tana da dala 90,000 da ta tara ta adashi da ribar shago. Ta ce: "Malam, in sayar da na Bronx in koma tun kafin haya ta yi tsada, ko in haƙura?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa nema albarka. Kada ki sa hannu a takardar nan, kuma kada ki saki shagonki na Bronx.

Labarin ƙaninki gaskiya ne. Ƙungiyar besbol ta Athletics, wadda ake gina wa filin, ta bar birnin Oakland bayan kakar 2024, yanzu tana zaman wucin gadi a West Sacramento. An rushe otal ɗin Tropicana na Las Vegas a Oktoban 2024, aka aza harsashin filin a wurinsa a Yunin 2025, kuma shirinsu shi ne a buɗe a 2028 da mazaunin mutum kusan 33,000. Tun a 2023 jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta amince da tallafin kuɗin jama'a har dala miliyan 380. To amma taron mutane daban, ciniki daban.

Ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Kowace ƙungiya a babbar gasar besbol ta Amurka tana buga wasa 81 a gida a kaka guda, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Cire 81 daga 365, saura kwana 284 da ba wasan ƙungiyar, mai shago kuwa ba ya ɗaga miki ƙafa ko na kwana ɗaya. Hayarki a shekara dala 108,000 ce. Idan 'yan kallo kika dogara da su, kowace ranar wasa sai ta kawo dala 1,333 don haya kaɗai. A ce bayan kin cire nama, mai, gawayi da kayan yaji kina samun dala shida a faranti: sai kin sayar da faranti 222 kafin ki fara maganar albashin yara, wuta da inshora. Kuma cinikin ranar wasa na awa biyu ne kafin a shiga, da ɗan abin da ya biyo baya idan an tashi da dare, kowa na sauri ya koma masauki. Duk watan da kika biya kafin 2028 kuwa, ba ɗan kallo ko ɗaya. Dala 90,000 ɗinki hayar wata goma ce cif, ba a taɓa kuɗin gyaran kicin ba.

Ba sai kin je nesa neman misali ba, yana ƙofar gidanki. An buɗe sabon Yankee Stadium, filin ƙungiyar besbol ta Yankees a Bronx, a 2009 a kan titi na 161, daura da tsohon da aka gina a 1923. Ki bi River Avenue ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba 4 wata Talata a cikin Janairu, ki ƙirga shagunan huluna da riguna da suke a garƙame. Sabon filin ya zo da gidajen abincinsa da kantunansa a ciki, har da Hard Rock Cafe, kuma kamfanin Legends da ke kula da cinikin abinci a ciki, ƙungiyar Yankees ɗin na cikin waɗanda suka kafa shi a 2008. Haka ake zana filayen zamani: a sauke mutum daga jirgi a bakin ƙofa, ya ci a ciki, ya sha a ciki, ya sayi hula a ciki. Hatta manyan da suka zo da masana lissafi sun ƙone hannu. Kamfanin da ya riƙe wuraren ajiye motoci masu ɗaukar mota sama da 9,000 a gefen filin ya ci bashin dala miliyan 237, ya kasa biya, domin jama'a jirgi suke hawa. Mazauna unguwar su ma sun ɗanɗana: a kan filin shaƙatawarsu na Macombs Dam aka yi ginin, sai 2012 aka buɗe Heritage Field a madadinsa. A 2020 kuma, lokacin korona, aka rage kakar zuwa wasa 60 babu 'yan kallo, haya tana tafiya.

A Atlanta ma, da 'yan ƙungiyar besbol ta Braves suka koma sabon filinsu a 2017, sun kewaye shi da unguwar kasuwanci tasu mai suna The Battery. Masu nazarin tattalin arziki sun daɗe suna nuna cewa yawancin kuɗin da ɗan gari ya kashe a filin wasa, da ma zai kashe su ne a wani shagon cikin gari. Kuɗin wuri suke sauyawa, kuma sau da yawa daga aljihun ƙananan 'yan kasuwa irinki suke tashi.

Las Vegas tana da nata ƙarin matsalolin. Filin yana mahaɗar Tropicana Avenue da Las Vegas Boulevard, maƙwabtansa MGM Grand, New York-New York da Excalibur, manyan otal-otal na caca masu gidajen abinci birjik. Baƙon da ya zo kallo a nan zai kwana, a nan zai ci. A Yuli zafi yana haura digiri 40, shi ya sa ma za a rufe saman filin. Wa zai taka minti ashirin a wannan rana don neman tsire? Idan kuma kina tunanin kafa tebur a bakin hanya ranar wasa, dokar Nevada ta 2023 ta hana talla a gefen titi cikin tazarar ƙafa 1,500, wato kimanin mita 450, daga manyan otal-otal da wuraren taro masu ɗaukar mutum 20,000 zuwa sama. Akwai kuma abin da ke tsakaninki da Ubangijinki: shagunan irin wannan wuri da giya suke cike giɓin haya, ke kuwa ba za ki sayar ba, kuma ina tare da ke a kan haka. Sai dai ki sani da su za ki yi gogayya wajen biyan kuɗin wuri.

Ban ce ba abin nema a Las Vegas ba. Akwai, amma ba a hannun 'yan kallo yake ba. Yana hannun ma'aikata: magina da ke aikin filin yanzu, masu shara da girki a otal-otal, masu gadi, direbobi irin ƙaninki. Waɗannan kullum suna cin abinci, rani da hunturu, dare da rana, kuma musulmin cikinsu suna neman halal. Ki tambayi ƙaninki: ina shi da abokansa suke cin abincin dare? Ina suke sallar Juma'a? A wace unguwa 'yan Afirka suke haya? Can cinikinki yake, kuma hayar can ba ta kai ta bakin filin ba.

Ga yadda zan yi da ni ne. Ki ware dala 15,000 kacal, kuɗin da ko sun tafi shagon Bronx ba zai girgiza ba. Ki kama hayar kicin na haɗaka mai lasisi, irin wanda ake biya a awa ko a wata, ki nemi izinin hukumar lafiya ta kudancin Nevada, ki fara da abincin oda: suna, biki, buɗa-baki, da kai wa ma'aikata. Ƙaninki ya riƙe, amma a rubuta komai, nawa ne jarinki, nawa ne rabonsa, da shaidu, don zumunci ya tsira. Ki ba abin wata shida, kina duba littafi kowane mako.

Idan mai shagon ya matsa da cewa wani zai riga ki, ki bar wanin ya riga ki. In kuma wata rana ciniki ya kai ki ga kama shago, ki kai takardar wurin lauya ya duba miki abu uku: ko harajin gini, inshora da gyara suna kanki bayan haya, ko an sa ki tsaya da dukiyarki ta kanki a matsayin jingina, da kuma ko akwai ƙofar fita bayan shekara ɗaya ko biyu. Ki turo mini cinikin shagon Bronx na wata goma sha biyu da suka wuce, mu ga ko dala 15,000 ɗin ma zai iya ɗauka ko mu rage.