Ziyarar ƙauyen Ƙassar a tsibirin Farasan: yini ɗaya zai isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne, kuma ina so in kai maiɗakina da yaranmu uku tsibirin Farasan idan an yi hutun makaranta. An ba ni labarin wani tsohon ƙauye a can mai suna Ƙassar. Me ake gani a cikinsa, wane abu yara za su iya yi a waje, kuma shin za mu iya shiga da safe mu fito da yamma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a kanta sauran suka rataya. Ana iya shiga Farasan da safe a fito da yamma, amma ba zan ba mai iyali wannan shawarar ba. Tsibirin yana cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 50 daga birnin Jizan da ke kudancin Saudiyya, kuma babban jirgin fito da Larabawa ke kira abbara sau biyu yake tashi a rana, da sassafe da kuma wajen la'asar, yana shafe awa ɗaya da 'yan kai a kan ruwa. Wanda ya shiga da safe ya fito da la'asar, abin da ya samu shi ne tsakar rana, lokacin da zafi da gumi suka fi tsanani, barewa ta shige inuwa, tsuntsaye sun lafa. Kyan Farasan yana tsakanin asuba da hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Saboda haka ku yi niyyar kwana ɗaya aƙalla, biyu ma sun fi, tun da dai kun riga kun sha tafiyar kusan kilomita 700 daga Jidda zuwa Jizan.

Jirgin fiton kyauta ne, mutum da motarsa, sai dai dole a yi rajista tun da wuri, musamman gurbin mota, wanda yake saurin cika a ƙarshen mako da lokacin hutu. Kowa ya riƙe iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ko fasfonsa, har da yara. Ku shiga da motarku in da hali, domin wuraren gani a warwatse suke.

Shi ƙauyen Ƙassar yana kimanin kilomita 5 daga cikin garin Farasan, kuma yana da kyau ka san tun yanzu cewa ba garin da mutane ke zaune ba ne a yau. Gidaje ne kusan 400 da aka gina da dutsen murjani, a tsakiyar dabinai da tsofaffin rijiyoyi. Wanda bai san tarihinsa ba zai zaga cikin rabin awa ya ce kango ne kawai. Asalin abin shi ne mutanen Farasan suna ƙaura zuwa nan a kan raƙuma idan zafi ya shigo, bayan an gama bikin kamun wani kifi da ake kira harid, su zauna kusan wata uku a lokacin da suke kira Asif, suna cin ɗanyen dabino, suna shan ruwan rijiya mai daɗi, suna ɗaura aure da shagulgula. Ruwan daɗi a tsibirin da gishiri ya kewaye shi ne dalilin kafuwar ƙauyen. Idan kun shiga, ka tsayar da yaran a jikin bango guda su duba da kyau: za su ga ƙananan ramuka da zane kamar saƙar zuma a jikin dutsen, wani wurin ma har da ɓawon katantanwar teku a manne, shaidar cewa wannan dutse a ƙarƙashin ruwa ya girma kafin a sassaƙo shi. Su ɗaga kai kuma su ga rufin itace da zarben dabino, wanda duk wanda ya taso a gidan azara ba zai ga baƙonsa ba. Ku je bayan la'asar, ku bar magariba ta same ku a can.

A cikin garin Farasan akwai gine-gine biyu da suka cancanci tsayawa, kuma dukansu kuɗin lu'ulu'u ne ya gina su a zamanin da fataken tsibirin ke kai hajarsu har Indiya. Na farko gidan Rifa'i ne, na wani attajirin lu'ulu'u, wanda aka gina a shekarar 1341 bayan hijira, bangonsa lulluɓe da sassaƙen farar ƙasa tun daga ƙofa har sama, ga gilasai masu launi a tagoginsa. Na biyu masallacin Najdi ne na shekarar 1347. Akwai kuma ƙaramar ganuwar Turkawan Usmaniyya a kan tudu, wadda minti goma sun ishe ta. Mai son tarihi zai so ya ji cewa an taɓa tono wani dutse a tsibirin mai rubutun Latin na shekarar 144 miladiyya, wanda ya nuna sojojin Rum sun yi sansani a nan.

Amma in ka tambaye ni abin da yaranka za su riƙa ba da labarinsa bayan kun koma Jidda, ruwa ne. Ku tashi da asuba ku ɗauki hayar kwalekwale mai inji zuwa dajin Ƙandal, inda itatuwa ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye kamar ƙafafu, kwalekwalen yana ratsa lunguna a tsakaninsu. Ana ganin kwasakwasa da shaho mai cin kifi, wani lokaci dolfin ya biyo jirgi a hanya. Akwai kunkurun teku a ruwan, akwai kuma wata dabba 'yar'uwar ayu, ko da yake ganinta sai mai rabo. A daidaita kuɗi da mai jirgi kafin a hau, a tabbatar yana da izinin jami'an tsaron gaɓa, domin yankin yana kusa da iyakar Yaman, kuma kada yaro ko ɗaya ya hau ba tare da rigar hana nutsewa ba. Idan da lokaci, mai jirgin zai iya kai ku tsibirin Ƙummah ku ga ginin da Jamusawa suka fara a 1901 don ajiye gawayin jiragensu.

Wajen wanka, gaɓar Gadir da ta Ras al-Ƙarn suna da farin yashi da ruwa marar zurfi a baki. Ku saya wa kowa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda murjani yana yanka kamar aska, kuma akwai halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasa. A hanyar dawowa da yamma ku rage gudu, kuna iya yin kiciɓis da barewar Farasan a gefen titi. Farauta haramun ce a nan bisa doka, haka ma ɓalle murjani, kuma tun 2021 hukumar UNESCO ta sanya tsibiran cikin yankunan da ake kare halittunsu, su ne na farko a Saudiyya.

Game da lokacin zuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi ga yara, don haka hutun tsakiyar shekara ya fi dogon hutun zafi dacewa. Idan kuwa hutunku ya faɗo wajen Afrilu, ku bincika ranar bikin harid. Harid kifi ne mai baki irin na aku, wanda yake taruwa sau ɗaya a shekara a ruwa marar zurfi na gaɓar Hasis. Masunta suna kewaye shi da taru, sannan a ba da alama, jama'a su ruga cikin ruwa kowa da 'yar komarsa, abin da zai tuna wa Bahaushe su na Argungu. A ranakun nan masauki da gurbin mota a jirgi suna ƙarewa da wuri, don haka ka kama su makonni kafin tafiya, ka kuma tanadi na dawowa a lokaci guda.