Amsar Alhaji ga Hajiya kan ƙaninta da kotu ta tura a tantance shi

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Hajiya na ji muryarki tun da asuba, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Kin ce an kama ƙaninki yana tuƙi a buge, ya amsa laifi, alƙali ya ce sai ya je an tantance shi kan shaye-shaye, kina tambaya wai ko asibitin mahaukata za su kai shi. A'a, ba can ba ne, ofis ne kawai da kujera biyu da mutum ɗaya mai tambayoyi. Amma ni na gane ainihin abin da kike son ji, tunda na ji inda kika ce ai mu gidanmu ba a san mu da wannan ba. So kike ki ji ko ya je ya ce musu bai taɓa sha ba sai a daren. To Hajiya don girman Allah kar ya yi, kar ma ki sa masa wannan a kai.

Bari in gaya miki dalili. A nan jihar Nuyok ƙa'idar tuƙi ita ce ma'aunin giya 0.08 a jini, in ka kai nan an gama magana. Wanda karon farko ne kuma bai kai 0.15 ba, ɗan gajeren gwaji ake masa, takarda ce ya cike. Amma daga 0.15 zuwa sama cikakkiyar tantancewa doka ta ce, kuma ke da bakinki kin ce takardarsa 0.17 aka rubuta. Ki gode Allah ma, saura ƙiris ya taɓa 0.18, nan kuma laifin wani suna gare shi daban mai nauyi. To mutumin da zai zauna da shi ɗin nan rahoton ɗan sanda na gabansa, lambar da injin busawa ya nuna na gabansa, tarihin tuƙinsa na gabansa, zai iya sa shi ya ba da fitsari, zai iya cewa kawo lambar wani naka in kira shi. Shekara nawa ka fara, sau nawa a sati, ka taɓa farkawa ka manta abin da ya faru jiya, akwai mai sha a danginku, haka zai yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa kenan kullum, ya ga irin ƙaninki ɗari.

Akwai yaron da na raka da kaina shekarun baya, ɗan zango ne, a Bronx cikin birnin Nuyok yake zaune ɗaki ɗaya da wasu samari uku, sallar Juma'a ba ta wuce shi. Tun a mota nake ce masa ka faɗi gaskiya, ya ce to Baba. Muna zaune a wajen jira yana ta juya hularsa a hannu, ya ninke ya warware, ya ninke ya warware, ashe wani dattijo ya riga ya zuga shi a waya wai ka ce kwalba ɗaya ka sha, abokai suka yaudare ka. Ya shiga ya faɗi haka. Matar da ke tantancewar ta ɗago takardar ta nuna masa 0.16 da biro, ta ce kwalba ɗaya ba ta kai mutum nan. Shi kenan ta rubuta cewa yana musun matsalarsa, maimakon ɗan darasin da zai yi ya wuce sai da ya yi wata da watanni yana zuwa zaman magani, aikin dare ya kuɓuce masa. Dattijon nan kuwa har yau in mun haɗu a masallaci sai ya ce wai Turawa ne ba sa son mu. Ni abin nan na ci min rai wallahi, kai ba ka taɓa taka ƙofar kotu ba, ba ka san takardar ba, ka ɗauki rayuwar yaro ka yi wasa da ita don kar a ji kunya. Kunyar wa? Mu nan kowa ya san abin da samarinmu ke ciki, wanda bai taɓa giya ba yana kan wiwi ko ƙwaya, yadda kodin ya yi ɓarna a gida har gwamnati ta hana maganin tarin a 2018, mu nan ma sai rufa-rufa muke, sai an... to bar wannan, ba shi kika tambaya ba.

Af, na ce ya faɗi gaskiya, bari in gyara kar a fahimce ni a karkace. Ya fara zama da lauyansa tukuna kafin ya je, kuma in takardun zamansa ba su kammala ba ya nemi lauyan shige da fice daban, don irin wannan laifin yana iya taɓa biza da neman zama ɗan ƙasa. Gaskiya zai faɗa, amma ya san me zai sa wa hannu.

Sannan wurin da zai je, lallai ya zama wanda hukumar OASAS ta amince da shi, ita ce mai kula da harkar shaye-shaye a jihar. Na san wanda ya biya kuɗinsa a wani wuri don an ce masa suna da sauƙi, ya kawo takarda kotu ta ce ba ta san da ita ba, ya sake daga farko. Kuma ya bar sha tun yau, akwai gwajin fitsarin da ke gano giya bayan kwana biyu har uku, kar ya ce ai na daren Asabar ne ya wuce. Wiwi ma kar ya ce ai an halatta tun 2021, halattawar ba ta shafi tuƙi ba.

Sauran kuma ki shirya zuciyarki. Laifin farko tarar dala 500 zuwa 1,000 ce, a karɓe lasisi aƙalla wata 6, kuma tun dokar Leandra ta 2009 sai an saka masa na'urar da zai busa kafin mota ta tashi, shi zai biya kuɗinta. Akwai aji na awa 16 cikin sati 7, in ya cancanta ta nan ake samun lasisin zuwa aiki da dawowa. Tunda kin ce Uber yake yi, wannan kam ya fara neman wata sana'ar yanzu.

Ki ce ya kira ni bayan Isha'i, ranar da aka ba shi ni zan kai shi da motata. Ke kuma Hajiya in mai tantancewar ya kira ki, abin da kika gani a gida shi za ki faɗa masa, har kwalaben da kika ce kin tsinta a bayan kujera.