Bitamin da Maganin Kemo: Tambayoyinku kan Sankarar Babban Hanji

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu tana shan ƙwayoyin capecitabine, wani maganin kemo, bayan an yi mata aikin sankarar babban hanji. Da muka ga jininta ya yi ƙasa sai muka sayo mata folik asid da maganin ƙarin jini a kemis. Yanzu ga gudawa, bakinta duk ya yi gyambo. Akwai alaƙa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ku dakatar da abin da kuka sayo, ku kira likitanta yau, kada ku jira ranar asibiti. Idan gudawar ta ƙaru da sau 4 ko fiye a yini, ko gyambon ya hana ta cin abinci, ko zazzaɓi ya shigo, ƙa'ida ita ce a dakatar da capecitabine ɗin ma har likita ya gan ta.

Alaƙa kam tana iya kasancewa. Capecitabine idan ya shiga jiki yakan koma 5-FU, maganin da ke kashe ƙwayoyin sankarar, shi kuwa folik asid ƙara wa 5-FU kaifi yake yi. Shi ya sa a asibiti muke haɗa 5-FU da leucovorin, ɗan'uwan folik asid, amma a kan awo. In aka ƙara wani daga gida, sai maganin ya zarce inda aka nufa, ya ci fatar baki da ta hanji, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsattsage. 'Yar ƙwayar nan rawaya da ake ba masu ciki da masu sikila miligiram 5 ce, ta ninka abin da babban mutum ke buƙata a rana fiye da sau 10. Yawancin magungunan ƙarin jini na kwalba ma akwai folik asid a ciki. Wannan ne abin da ya fi tayar min da hankali, domin 'ya'ya da kyakkyawar niyya suke sayowa.

Ƙarancin jini a wannan cuta sau da yawa daga tsiyayar jini a hanji ne, ko daga kemo ɗin kansa. Gwaji ne zai nuna ko sinadarin ayon take buƙata.

Tambaya: An ce in riƙa shan bitamin C da E masu ƙarfi don garkuwar jikina. Ina karɓar FOLFOX, wani haɗin magungunan kemo, duk mako biyu. Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, ban goyi baya ba. Ana fargabar cewa irin waɗannan bitamin, idan suka yi yawa, za su kare ƙwayoyin sankarar kamar yadda suke kare lafiyayyu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 ya gano cewa mata masu sankarar mama da suka sha su kafin kemo da lokacinsa, cutar ta fi dawo musu. Ba a kan hanji aka yi shi ba, amma ya isa a yi hattara. Lemo, gwaba, tumatir da miyar zogale kuwa ka ci abinka. Abinci daban, ƙwayar da aka tattara daban.

Tambaya: Gaskiya ne bitamin D yana hana cutar ci gaba?

Amsa: Wani ƙaramin gwaji a 2019 ya ba da fata, amma babban gwajin da ya biyo baya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024, bai nuna amfani ba. Idan gwajin jini ya nuna kana da ƙarancinsa, likita zai rubuta maka gwargwadon da ya dace.

Tambaya: Yatsuna suna mutuwa, in na taɓa ruwan sanyi kamar lantarki ya ja ni. In sha bitamin B? Daga wata uwa a Kumasi.

Amsa: Sannu, Hajiya. Aikin oxaliplatin ne, ɗaya daga cikin magungunan kemo na wannan cuta, yana taɓa jijiyoyi. An gwada bitamin E, an gwada kalsiyam da magnesiyam ta ƙarin ruwa, ba su hana ba. B6 kuwa in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Ki guji ruwan firiji da ƙanƙara 'yan kwanaki bayan kowace allura. Idan maɓallin riga ko allurar ɗinki ta fara gagarar ki, ki faɗa wa likita kafin zagaye na gaba, don a rage maganin ko a cire shi. Ranar zuwa asibiti ki zuba duk abin da kike sha a leda, har da na gargajiya, ki ajiye a gaban likita ya karanta da kansa.