Tashar jirgin cikin gari: nisan nawa ne kusa?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Abuja a 2018 ya yi nesa da gidajen jama'a. Da za a yi irinsa a Zariya, daga Samaru zuwa Ƙofar Doka, ta yaya ake gane tasha ta yi kusa da mutane? Daga wata mai karatu a Hanwa.

Amsa: Malama, ma'aunin da masu tsara birane suka fi aiki da shi shi ne mita 800, wato tafiyar minti 10 ga babba mai lafiya da ke cin mita 80 a minti guda. Tashar bas kuwa mita 400 ake ba ta. Sai a ɗora tsinke kan tashar a taswira, a zana da'ira mai nisan mita 800 daga tsinken, a ƙirga gidajen da suka faɗa ciki. Faɗin da'irar ya kai murabba'in kilomita 2.

A nan ake yin kuskure. Mutum ba ya ratsa katanga. Ko a unguwa mai miƙaƙƙun layuka irin Sabon Gari, abin da ƙafa ke kaiwa a minti 10 bai wuce kashi biyu cikin uku na da'irar ba. A cikin birni, inda lungu ke lanƙwasa ya kuma toshe, ya gaza haka. Ki duba Samaru: in aka sa tasha a kan titin Sakkwato, ɓangare guda na da'irar yana bayan katangar Jami'ar Ahmadu Bello, ba a shigarsa sai ta ƙofa. Matsar da tashar mita 200 daga ƙofar ya isa ya rage ɗaliban da za su tako. Kogin Kubanni ma haka yake yi, gidan da ke tsallake yana kusa a ido amma sai an zagaya ta gada.

Saboda haka da ƙafa ake gwadawa. A tashi daga bakin inda za a shiga tashar, a bi kowane layi da agogo, a sa alama inda minti 10 suka cika, a haɗa har da jiran tsallaka babban titi irin na Kwangila. A maimaita da damina, lokacin da kwata ke cika. A ganinmu, da ranar watan Afrilu, da mai goyo da dattijo, mita 500 ya fi dacewa da Zariya, sai fa in an yi inuwa da hanyar masu ƙafa da fitila.

Kada kuma a ce a cika tashoshi. Kowace tsayawa tana cin lokaci wajen birki, lodi da tashi, shi ya sa ake barin mita 600 zuwa kilomita 1 a tsakani. Wanda gidansa ya wuce nisan tafiyar ƙafa zuwa tasha, Keke Napep ko acaɓa zai hau, kuma in kuɗin keken da na jirgi suka fi kuɗin bas daga Samaru zuwa PZ, bas ɗin zai shiga.