Kiwon dodanni da faɗa a wasa ɗaya: ina amfanin haɗin?

Tambaya: Malam, ni mai son wasannin bidiyo na faɗa ne. Abokaina sun matsa mini in gwada irin wasan da ake kama dodanni a yi kiwonsu, sannan a fita da su fagen daga. Ni a ganina kiwon ɓata lokaci ne kafin a kai ga faɗa. Haɗin yana da amfani, ko dabara ce ta tsawaita wasa?

Amsa: Ɗan'uwa, zarginka ba a banza yake ba, don akwai wasannin da gonarsu ado ce kawai. Amma inda masu ƙirƙira suka san aikinsu, kiwon shi ne ke ba faɗan nauyi. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: abin da ka yi a gona da safe, yana bayyana a fagen faɗa? Abin da ka samo a faɗa, yana sauya gonar? In dai amsa biyun e ce, wasan ya ƙullu.

Ɗauki Monster Rancher, wanda kamfanin Tecmo na Japan ya fitar a 1997 a kan na'urar wasa ta PlayStation. Mako-mako kake tsara wa dodonka horo da hutu, abinci kuwa wata-wata. Ka matsa masa, gajiya da damuwa su taru, kwanansa ya ragu, domin dodannin wasan suna tsufa su mutu. Abin da ya fi burge ni shi ne biyayya. Dodon da bai yarda da kai ba, kana tsakiyar gasa za ka ba shi umarni ya yi biris, ya tsaya yana shirme har a doke shi. Kayen da ka sha a fili, tun a gida ka shuka shi. Wasan faɗa zalla ba ya iya ba ka wannan, don takobi ba ya fushi da mai shi.

Rune Factory, wanda ya fara fitowa a 2006 a kan na'urar Nintendo DS, ta wata hanya ya ɗaure abubuwan biyu. Kuzari ɗaya kake kashewa wajen huɗa, ban ruwa da saran takobi. In ya ƙare, sai aikin ya fara cin lafiyarka. Don haka kullum da lissafi kake tashi: in gama gonar yau, ko in bar ƙarfi don shiga kogo? Dodannin da ka sabar kuwa suna zaune a garke, wasu su ba ka madara, wasu ulu, wasu ƙwai, wasu su karɓe maka ban ruwa. Da zarar sun ɗauke maka aikin, kuzarin da ka rage sai ya koma faɗa, ka nutsa cikin kogo fiye da jiya, ka dawo da ƙarfen ƙera makami da sabon dodo mai ƙarfi. Hannu ɗaya ne ke wanke ɗaya.

Akwai kuma maganar numfashi. Faɗa na kai tsaye, inda kai ne ke kaucewa, ka tare, ka kai sara a kan lokaci, yana gajiyar da ido da yatsu. Komawa garke bayan an sha da ƙyar da babban dodo hutu ne da ba ya fitar da kai daga wasan.

Palworld na kamfanin Pocketpair, wanda ya fito a Janairun 2024 ya kuma sayar da kwafi sama da miliyan 8 cikin kwana 6, ya nuna yawan masu ƙishin wannan haɗi. Dodon wuta ya hura maƙera, na ruwa ya shayar da shuka, na lantarki ya ba da wuta, kuma shi dai wannan dodon za ka hau ka tafi yaƙi. In ka fita da gwaninka, aikin sansani ya yi rauni. Sai dai a nan nake da ƙorafi. Idan sansani ya girma har komai ya koma yin kansa, dodo ya daina zama abokin tafiya, ya zama injin. Daga nan kiwon ya rasa ransa, kuma abin da kake tsoro ya tabbata.

Wani abin da ya kamata ka sani tun da wuri: faɗan waɗannan wasanni galibi bai kai zurfin na Monster Hunter ba, wasan farautar manyan dodanni, inda kowane makami karatu ne mai zaman kansa. In ƙwarewar hannu tsantsa kake nema, can za ka fi samun biyan buƙata. In kuwa kana son nasarar da shiri ya haifar, fara da Rune Factory 4, ka ba shi lokaci har ka gina garke ka fita da dodonka na farko zuwa kogo, sannan ka yanke hukunci.