Sauron Rigasa ya daina jin magani ne?

TAMBAYA: Salam Malam. Dan Allah maganin sauron da nake fesawa shekara da shekaru yanzu ko gezau, in fesa in rufe ɗaki, kafin isha'i sun dawo suna min kuka a kunne. Jabu ake sayar mana ko sauron ne ya saba? Daga wata uwa a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ko na gasken kika samu abin da kika gani zai iya faruwa. Sai dai ba wai sauro ɗaya ne ya yi ta shaƙa har ya saba ba, ai kwanansa ma nawa ne a duniya. Cikin dubban sauron da ke kwatar layinku akwai 'yan tsiraru da tun asali halittarsu ta ɗan bambanta, jikinsu na iya narkar da gubar kafin ta kashe su. Kin fesa, raunanan sun mutu, su waɗannan sun tsira, kuma su ne za su haihu, macen tana zuba ƙwai har 200 a lokaci guda, cikin sati 2 ko ƙasa da haka sun zama manya da irin jikin iyayensu, toh ki lissafa damina nawa aka yi ana fesa abu iri ɗaya. Mu da hannunmu muka tankaɗe su muka bar tsakin.

Wannan tankaɗen shi masanin halittu Charles Darwin ya yi bayani a 1859, kuma ba sai mun shiga rigimar biri da mutum ba, ga shi nan a ɗakinki. Haka ƙwayar maleriya ta yi wa kulorokwin, har Najeriya ta koma haɗin maganin maleriya da ake kira ACT wajen 2005.

Dan haka ki duba sinadarin da aka rubuta a jikin gwangwanin, in sunan kamfani kawai kika canza amma sinadarin ɗaya ne ba ki yi komai ba. Gidan sauro ko maganinsa ya yi sanyi yana tare cizo in dai ba huda, akwai ma masu sinadarin PBO, mai hana jikin sauro narkar da gubar, da aka yi musamman dan irin wannan sauron. Fiya-fiya kuwa ki raba ta da ɗakin yara, guba ce. Tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ke tara ruwa a tsakar gida a kifar da su duk sati.