Jan Fentin Hannun Gladstone

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. A gabashin Landan nake zaune, kuma kullum in zan tafi aiki nakan wuce wani mutum-mutumi a gaban cocin Bow, ya miƙo hannu, hannun kuwa jawur da fenti. An rubuta Gladstone a gindinsa. Wane ne shi, kuma ɓarnar yara ce wannan fentin? Daga wata mai karatu, Landan.

AMSA: 'Yar'uwa, ba ɓarnar yara ba ce. William Gladstone ya riƙe firaministan Birtaniya har sau huɗu a zamanin Sarauniya Victoria, tsakanin 1868 da 1894, ya mutu a 1898. Wanda ya kafa wannan mutum-mutumi a 1882 shi ne Theodore Bryant, na gidan masu kamfanin ashana na Bryant & May, wanda a lokacin masana'antarsa ke nan Bow ɗin.

Galibin masu aiki a masana'antar 'yan mata ne, wasu ko shekara goma sha biyar ba su kai ba. Su wuni a tsaye, a ci su tara in sun makara ko sun yi magana a bakin aiki. Sinadarin farin fosfaras da ake shafa wa kan ashanar kuma yana shiga ta haƙori ya ci muƙamuƙi har ƙashin ya ruɓe. A 1888 marubuciya 'yar gwagwarmaya Annie Besant ta wallafa halin da suke ciki, ta kuma kawo labarin da 'yan matan suka ba ta: wai an zaftare sule guda daga ladan kowace don biyan kuɗin mutum-mutumin, har wasu suka yanki jikinsu a ranar buɗewa suka ɗiga jini a kan dutsen. A watan Yulin shekarar wajen mata 1,400 suka shiga yajin aiki, kamfanin ya sauko ya soke tarar.

Masana tarihi sun yi saɓani kan zancen sulen, wasu na ganin an cakuɗa shi ne da labarin wani famfon tunawa da aka gina a unguwar a 1872. Amma tarar da ciwon muƙamuƙin babu mai musun su. Jan fentin alamar jinin 'yan matan ne, shi ya sa in an wanke shi, ba a daɗewa wani zai sake shafawa cikin dare. Ni dai ina tare da masu shafawar. Mai kuɗi ne ya sa aka sassaƙa hannun, 'yan unguwa kuma suka ƙara abin da ya tsallake.

Gladstone na da abin yabo. Ya faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a a 1884, ya yi fafutukar Ayaland ta samu mulkin kai. Ɗakin karatun da ya kafa a Hawarden, a yankin Wales, da littattafansa wajen 32,000, yana nan ana shiga. Har a Atina akwai mutum-mutuminsa. Sai dai mahaifinsa, John Gladstone, ya mallaki bayi kimanin 2,500 a gonakin Guyana da Jamaika, kuma da aka haramta bauta shi aka biya diyyar sama da fam 100,000, bayin ba su ga ko sisi ba. Ɗan ya kare harkar mahaifin nasa a majalisa a 1833. Wannan ne ya sa Jami'ar Liverpool, garin haihuwar William, ta yanke shawarar cire sunansa daga wani ɗakin kwanan ɗalibai a 2020, daga baya ta sa na Dorothy Kuya, 'yar gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata. A 2023 zuriyarsa suka je Guyana suka nemi afuwa.

In kin samu sarari ranar hutu, ki taka zuwa titin Fairfield, ba nisa daga cocin. Tsohuwar masana'antar na nan, an mai da ita gidajen zama, kuma a 2022 hukumar English Heritage ta liƙa wa ginin shuɗin allo na tunawa da yajin aikin 'yan matan.